Sakainar Gyartai

A gidanmu na Zurmi, da an idar da magariba Kaka Ige takan jawo kujerarta bakin murhu, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Mace ce mai tsiwa. In ka yi gyangyaɗi, maburgi ne zai tashe ka. Akwai tatsuniyarta guda da ni kam ban so, don babu kura ciki, babu aljani.

"Ga ta nan, ku buɗe kunnuwa," in ji ta. "Wani gyartai anka yi, mai ɗinkin ƙwarya, ko gaisuwa ba a cika yi mishi ba."

Wai bayan wata shekarar yunwa aka tara iri a rumbun mai gari za a raba. Ruwan shuka ya sauka, ya jiƙe takardar sunaye. Masu ƙarfi suna komowa karɓa sau biyu, zawarawa ko ƙwaya ba su gani ba, ga damshin ƙasa bai wuce kwana uku. Gyartai ya ce yana da dabara.

"Mai gari yac ce, 'Kai, ƙwarya munka fasa?' Anka kwashe da dariya."

Gyartai bai kula ba. Ya yanka wa kowane gida sakaina mai alamarsa, ya huda gefenta da basilla. Gidan da ya karɓi iri, sai a tsaga hudar har baki. Ya jera su, ya zura tsinke ta hudojin, ya ɗaga ya girgiza: na waɗanda suka karɓa suka zube, na waɗanda aka manta suka rataye. Kafin ƙasa ta bushe kowa ya shuka.

Na girma, ina karatun kwamfuta a Ƙaura Namoda, malaminmu ya ba mu tarihin wani Bature da ya ƙera injin tantance bayanai da katuna masu huda. Dariya ta kuɓuce mini a tsakiyar aji. Wato abin da na raina a bakin murhu shi nake zuwa makaranta koyo.

Da hutu na kai wa Kaka labari. Ta taɓe baki.

"Baturen naku ya makara."

Ta buɗe tsohuwar kwallarta, ta ɗora mini wata baƙar sakaina a tafin hannu, hudarta a tsage.

"Ta uwata ce, ita ta ƙarshe da tar rataya. Geron wagga huda munka ci, ja'ira, har anka haifo ki."