Gwangwanin Farasitamol na Baba

A gonar Baba da ke Digil, ranar gayya ba goro kawai ake rabawa ba. Yana da wani tsohon gwangwanin madara cike da farasitamol. Kafin kowa ya ɗauki fartanya sai ya zazzaga masa ƙwaya biyu a tafin hannu, a kora da kunun tsamiya. Da azahar a ƙara biyu. Shi kuwa mai gona ba ruwansa da ƙirga, ya sha da safe, ya sha a gona, ya dawo gida ya haɗa da na mura. Wai maganin gajiya ne. Wallahi har yau ina kewar ranakun nan, da ƙarar gwangwanin a aljihunsa, da abokansa suna tsokanarsa da Fulatanci wai ƙwayarsa ta fi takin zamani aiki.

Sai na shiga karatun jinya. Ranar da malamarmu ta bayyana mana cewa hanta ce ke narkar da wannan magani, kuma in ya yi yawa ita yake ci, ko abinci na kasa ci. Na dawo Mubi hutu, na tarar idon Baba ya fara yin rawaya. Ni kuma da ma ba ni da haƙuri. A gaban Inna na ɗauki gwangwanin na juye shi a masai. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Bai yi min tsawa ba, ya dai dube ni ya ce, "To yanzu me zan ba mutanen da suka zo taya ni aiki?"

A asibiti likita ya ce hantar ta wahala, amma mun zo da wuri. Baba ya daina sha. Da damina ta zagayo ya cika gwangwanin da goro, abokansa suka yi ta masa tsiya wai 'yarsa ta ƙwace masa mulki. Kusan wata biyu gaisuwata a taƙaice yake amsawa, kuma abin ya yi min ciwo.

Ya ƙara shekaru masu yawa a duniya. Bayan rasuwarsa Inna ta miƙo min gwangwanin. A ƙarƙashin busasshen goro na ga ƙwaya biyu a naɗe cikin takarda. Ta ce tun wancan lokacin yake ajiye biyu, in sun tsufa ya sake sabbi, ko zan zo gida da zazzaɓi. Bai taɓa shan ko ɗaya ba.