Malam Habibu, Mai Muryar Bushiya

Ranar Talata da hantsi ina tsaron shagon ƙanena a kasuwar Tarauni, aikin da ya rage mini tun da na bar koyarwa, sai Hadiza ta kira ni daga asibitin koyarwa inda take aikin jinya. Ita ce 'yar Malam Habibu ta fari. Ta ce, "Baba Isa, abokinka ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaran da suka tashi da kallon fim ɗin zane na "Gidan Bushiya" sun san muryarsa ko da ba su san fuskarsa ba. Shi ya ƙirƙiri labarin uwa Bushiya da 'ya'yanta uku, shi ya yi mata murya, ni kuma ina gyara masa Hausa. A wani ɗaki a gidansa na Gyadi-Gyadi muke aiki, ya jingina tsofaffin katifu a bango don kada ƙarar adaidaita sahu ta shiga. In an gama wani kashi na fim ɗin, sai ya tara yaran layi a zaure ya kunna musu, shi kuma ya juya wa talabijin baya yana kallon fuskokinsu. Duk inda yaro ya waiwaya ko ya soma wasa da takalminsa, sai ya yi alama a takarda, a sake wurin. Yakan ce, "Yaro bai iya kara ba, shi ya sa nake tsoronsa."

Fim na ɗaya da na biyu sun karɓu. Daga nan mai kamfanin da ke fitar da fim ɗin, wani Alhaji da ba zan rubuta sunansa kusa da na Malam ba, ya gano cewa ko me aka liƙa wa sunan Bushiya iyaye za su saya. A na huɗu aka ba ta wayar hannu. A na shida ta tafi Dubai sayayya. A na takwas babu labari sam, sai ihu da rawa da tusa da tallan sinadarin miya. Malam ya ajiye aikin tun a na uku, suka ɗauko mai kwaikwayon muryarsa. Wata rana wata mata ta tare shi a Unguwa Uku ta ce, "Malam, kai ma ka lalace haka?" Bai kare kansa ba. Ya dawo ya ce da ni, "Isa, labarin da aka hana shi ƙarewa ruɓewa yake yi a tsaye."

A wurin jana'iza, liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci. Alhajin nan, da babbar rigarsa, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Ni dai na yafe masa!" Shi ne ya yafe! Ina sahu na biyu, darajar gawa kaɗai ta rufe mini baki.

Kafin sadakar uku Alhajin ya aiko wa Hajiya Rabi, matar Malam, tana cikin takaba. Wai ya ji akwai labari na ƙarshe da marigayi ya ɗauka da muryarsa, a ba shi ya gina na tara da na goma a kai, don tunawa da shi. Labarin yana nan kuwa. A ciki Bushiya ta tsufa, ta sallami 'ya'yanta kowa ya kama gonarsa, ta kwanta a gindin kuka ta mutu salin-alin. Na san abin da za su yi da shi: su yanke mutuwar, su sa ta a jirgin sama.

Hajiya ta yi mini magana ta bayan labule. "Malam Isa, kai ka san shi. Me zai so?"

"Zai so yara su ji ƙarshen, Hajiya."

"To, su ji. Kada ka karɓi ko sisi."

Jiya na zaga masu tura finafinai a waya, daga Tarauni har Unguwar Gano, na ba su labarin nan na ƙarshe da muryar Malam, kyauta. Ɗayansu ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ka kashe wa Alhaji kasuwa." Na ce abin da ya fito da ni ke nan. Kafin na tara ya fito, kowane yaro a garin nan zai san Bushiya ta mutu, kuma daga bakin mai ita ya ji. Alhaji ya fito da tasa Bushiyar, ya ga ko yara za su yi masa kara. Ni ban yafe ba, Allah ya isa tsakaninsa da Malam.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Habibu, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajiya Rabi da Hadiza da ƙannenta haƙurin wannan rashi, ka tsare su daga masu zuwa ta'aziyya da buƙata a aljihu. Amin.