Hure Mai Alkaki a Kwalekwale

A Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, babu wanda bai san Hure mai alkaki ba. Shekara arba'in tana haɗa alkaki da nakiya da dubulan na garar amare, har hannunta ya daina jin zafin mai. Mijinta, Malam Abbas akawu, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, duk sun yi aure sun watse. Daga nan unguwa ta yanke mata hukuncin da take yanke wa kowace tsohuwa: ta shimfiɗa darduma, ta ja carbi, ta jira ranarta. Mutanenmu ke nan. Mace in ta haura sittin, ko dariya ta yi da ƙarfi sai a ce ba ta da ta ido.

Shekara goma sha ɗaya Hure ta yi tana wannan jira. Kaɗaici ya ci ta ƙwarai. Takan tuƙa tuwon mutum ɗaya, ta zauna ta zuba masa ido har ya huce.

Ana nan sai ga Ɗantsoho, wani tsohon tela na Ƙofar Sauri, ya zo sayen nakiyar bikin jikarsa. Idonsa ya daina ganin kafar allura, ya bar wa 'ya'yansa shago, matarsa kuma ta riga mu gidan gaskiya. Ya zo ɗaukar nakiya, hira ta riƙe shi a zaure har la'asar. Bayan wata huɗu Tanko, ƙanen Hure, ya ba da aurenta. Auren ɗauki sandarka aka yi, tana gidanta, shi ke zuwa.

To, Ɗantsoho yana da wata sarautarsa da ba kowa ya sani ba. Ya sayi tsohon kwalekwale wurin masunta a dam ɗin Ajiwa, can ƙasar Batagarawa. Ya farke buhunan suga, ya haɗa su da basilla, ya ɗaura a jikin gora ya kafa tsakiyar jirgin. Iska na bugawa sai jirgi ya kama tafiya ba a tuƙa ba. Masunta suka yi dariya har suka gaji, daga baya suka dawo suna roƙon ya ɗinka musu irinsa.

Ranar da ya fara kai Hure, ta ƙanƙame gefen jirgi tana salati, don ita ruwan da ta sani a duniya na randa ne da na famfo. Da suka yi nisa da gaɓa, iska ta cika buhunan, Ɗantsoho ya miƙa mata igiya ya ce ta ja. Ta ja, jirgi ya juya ya bi hannunta. Sai ta fashe da wata dariya da ita kanta ta manta tana da ita. Tun daga nan kowace Asabar da safe suna Ajiwa, da kwanon ɗanwake da fulas ɗin shayi.

Sai wani maras aikin yi ya ɗauke su a waya, abin ya zagaye Katsina. Wadda ta fara zuwa ita ce Furera, ƙawar Hure tun suna 'yan mata. Furera kuwa rabonta da fita ƙofar gari, in ba asibiti ko gaisuwar mutuwa ba, an fi shekara ashirin.

"Hure, mi kika zama?" in ji ta. "Jikoki tara gare ki, kina yawo bisa ruwa sai ka ce agwagwa!"

Hure ta ce, "Ki zo mu tahi ranar Asabar."

Furera ta ja tsaki ta ce Allah ya sawwaƙe.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babban tashin hankalin Mudassir ne, ɗan farin Hure, babban ma'aikaci mai gida da maigadi. A ofis aka nuna masa bidiyon uwarsa, aka yi 'yar dariya, shi ke nan duniyarsa ta tashi. Mutumin da kan yi wata uku bai leƙo Ƙofar Marusa ba, sai dai ya turo direba da buhun shinkafa, yau ya tuna yana da uwa. Ya kuma san lagonta sarai. Hure macen dā ce mai kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in ya yi magana sai ta sunkuyar da kai ta ce to.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya iso da takarda da biro. Ya sa aka kira Tanko da Furera su zama shaida. Aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi iyali da aiki da gajiya, sannan ya ajiye takardar gaban Ɗantsoho.

"Baba, ka yi haƙuri ka sawwaƙe wa Inna. Wanga abu ya zubar muna da mutunci. Na gyara mata ɗaki a gidana, har da na'urar sanyi, ta je ta huta."

Hure ta san ɗakin, na bayan gida ne, kusa da inda ake ajiye janareta.

Ɗantsoho ya ɗauki biron. Ya ce, "Ni ba ni shiga tsakanin uwa da ɗa. In ita ta ce in rubuta, sai in rubuta."

"Ai Inna ba ta magana gabana," in ji Mudassir, har da gyara zaman hula. "Shirunta amsa ne. Rubuta kawai."

Tanko ya kama kallon silin. Furera ta kama gyaran mayafi. Hure ta ga bakin biro ya sauka kan takarda.

"Mudassir."

Daga bakin Hure sunan ya fito. Shi kansa sai da ya waiga, kamar wani ake kira.

"Shekara goma sha ɗaya ina cikin gidan ga ni kaɗai," in ji Hure, idonta na cikin nasa. "Sau nawa ka zamna ka ci tuwo da ni? Lokacin mutuncinku bai zube ba. Sai yanzu da na samu mai tambayata ya na kwana? Malam, aje biron nan."

Ɗantsoho ya ajiye. Hure ta jawo takardar, ta naɗe alkaki shida a ciki, ta tura gaban ɗanta ta ce ya kai wa yara. Mudassir ya tashi ya kaɗe riga ya fita, ya bar ƙunshin kan tabarma.

Furera ta bi su Ajiwa bayan mako biyu, wai don ta gani da idonta, ta ji daɗin yi wa Hure faɗa. Yanzu in ba a ba ta gaban jirgi ba sai ta yi fushi.

Mudassir kuwa wata bakwai ke nan bai tako ba. Da Sallah direba ya kawo shinkafa, ba yara, ba saƙo. Hure ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, don ɗa ɗa ne ko ya yi wauta, kuma tana kewar jikokinta. Amma Asabar na zagayowa ta ɗora ɗanwake. In sun shiga ruwa, ita ke riƙe igiya. Wayarta kuma tana ƙulle cikin leda a haɓar zaninta don kada ta jiƙe, ko Allah zai sa ɗanta ya kira. Har yau bai kira ba.