Ranar da Odell Ya Binne Matarsa a Rediyo

Ƙanena Odell Sizemore bai taɓa kai magana ƙarshenta a gaban mutane ba. In ka gaishe shi sai ya taɓa bakin hularsa, shi ke nan an gama hira. Yana yaro mahaifiyarmu ta kai shi asibiti, likita ya leƙa maƙogwaronsa ya ce lafiyarsa lau, ganin dama ne bai yi ba. Amma miƙa masa jita ka sha mamaki. Mutumin da "sannu" ke yi wa wuya sai ya zubo maka baiti a kan baiti ko numfashi bai ja ba.

Da rana tifar kwal yake ja a tsaunukanmu na gabashin Kentucky. Da yamma ya zauna a baranda baƙi ƙirin, yana kaɗa wa kaji. Matarsa Glenna kuwa, bakinta ya ishi gida biyu har a sam wa maƙwabta.

Shekarar da ya cika arba'in ya sayar da kwalekwalensa na kamun kifi, ya tafi Nashville, birnin mawaƙa, ya dawo da kwalaye cike da faifan garmaho na waƙoƙinsa. Ga hotonsa a bangon faifan, ya yi tsuru-tsuru kamar wanda aka kama da kazar mutane. Waƙoƙin fa da daɗi, ni da ba na yabon Odell nake gaya muku. To amma wa ya saya? Fasto ya karɓi ɗaya don kunya. Mai aski ya toshe tagarsa da ta fashe da wani.

Ita kanta Glenna ba ta saurara ba. Ta ce ta sha kiɗan nan ta taga shekara da shekaru, ba sai ta zauna gaban garmaho ba. Ba ta san akwai waƙa ɗaya da bai taɓa rerawa a gida ba. Kun dai san mawaƙanmu, in ba a yi mutuwa a waƙa ba gani suke ba a yi komai ba. Wani ya kashe karensa, wani kakarsa. Shi gogan naku sai ya kashe matarsa, da sunanta da na ubanta, ya binne ta a maƙabartar bayan cocinmu.

Gidan rediyon garinmu kuwa kowace safiya sai ya karanto sunayen waɗanda suka rasu, kuma babu tsohuwar da ke ɗora tukunya ba ta ji ba. Ranar da mai gabatarwa ya bushi iska zai taimaki Odell, yana gama sanarwar mamata ya ɗora waƙar, ko uffan bai ce a kanta ba.

A wajenmu ba a zuwa gidan makoki hannu rabbana. Kafin rana ta take motoci sun cika layi. Soyayyar kaza, wake, burodin masara, kek iri-iri, kowane kwano da sunan mai shi manne a gindi. Odell yana can bakin aiki bai san wainar da ake toyawa ba. Ni ina jin waƙar na gane aika-aikar ƙanena ce, na figi mota, amma Goggo Verlie, ƙanwar babanmu, ta riga ni. Na same ta a ƙofa da baƙar hula, rungume da kwanon abinci, tana sharɓar kuka. Ta ƙwanƙwasa. Sai ga marigayiya ta buɗe, kai cike da robobin naɗe gashi, tana gatsar tuffa.

Goggo ta ce, "Wayyo Yesu!" Amma kwanon nan ba ta sake shi ba.

"Goggo, wa ya mutu?" in ji Glenna.

"Ke."

"Yaushe?"

"Odell ya ce ran Talata. Wai kin yi kyau a akwatin."

Glenna ta sa aka shigo da abincin kaf, don ba a mayar da kwanon makoki. Ta zaunar da mata, ta zaro faifai daga kwali ta ɗora. Muka kasa kunne. A waƙar, Odell yana gaya wa kabari yadda yake son jin tarinta da asuba, da yadda yake sane yake yar da takalmansa a hanya don ta yi masa faɗa ya ji muryarta. Mata sai share hawaye suke. Glenna ko ɗigo. Ta tashi ta haɗa jakarta.

"Yaya," ta ce mini, "tun da ya aure ni bai taɓa cewa yana sona ba. Sai da ya tura ni rami."

Ta tafi gidan mahaifiyarta, ta bar masa saƙo a bakina: in yana so ta dawo, ya zo ya faɗa mata tana numfashi, kuma ban da jita.

Ran Lahadi ana tashi daga coci na tasa ƙeyarsa zuwa gidan surukarsa. Raina a ɓace yake, ga tsoro, don Glenna ba ta magana biyu, ƙanena kuma ko ɗaya ba ya yi. Ya tsaya a ƙofa yana murza hula, gumi na tsiyaya ta bayan kunnensa.

"Ina jinka," in ji Glenna.

"Tayar motarki ta baya ta yi sanyi."

Na ɗirka masa dundu. "Kai, sakarai! Taya muka zo dubawa?"

Glenna ta kama ƙofa za ta rufe. Ya sa ƙafa ya tare.

"Kullum in na shigo layi," ya ce, idonsa a ƙasa, "sai na duba ko hayaƙin murhunki na tashi a kan rufi. In ban gani ba, kasa fitowa nake daga motar."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Ba abin da na ce ka faɗa ke nan ba, Odell."

"Na sani."

"To tsayuwar me kake yi? Jakar tana ɗaki, kuma da nauyi."