Malam Sauya da Gubar Tumatir

Ranar da malamin gona ya furta kalmar "guba", ranar aka daina gaisawa da Baba mai rijiya.

Kullum da safe malamin kan hau tsohon babur ɗinsa ya bi lambuna, ya tuge shuka, ya duba saiwa, ya sansana ƙasa. Maganarsa ɗaya ce, a sauya iri, har ta zama sunansa: Malam Sauya. Rannan ya tarar da tumatirin wani mai lambu ya ƙanƙance, ga taki ga ruwa.

"Ƙasar ce ta gaji, Malam," in ji mai lambun.

"Ba gajiya ba ce, guba ce."

Bai rufe baki ba mutumin ya waiga wajen shingen maƙwabcinsa, Baba mai rijiya. "Dama na faɗa! Tsohon nan ya binne mini wani abu."

"Bawan Allah, tsaya in ƙarasa! Tumatirin ne da kansa. Saiwarsa na tsatso da wani abu, ragowarsa na ruɓewa a nan. In ka yi ta maimaita shi a fili ɗaya, abin ya taru ya shaƙe na baya. Sa masara bana."

"Tumatir ya kashe tumatir? Ubana ma nan ya shuka shi. Malam, ko bakinku ɗaya ne?"

Mutanenmu ke nan. Gara a ce maƙwabci mugu ne da a ce su sauya iri. Aka tone gindin shinge ba a ga komai ba, aka ce ai abin ya narke. Aka ƙaurace wa rijiyar Baba, shi ma ya daina fitowa ƙofar gida.

Malam Sauya, kai ne ka yi ta sintiri har aka bar maka kusurwar lambun, don dai ka sarara wa mutane. Ka sa masara, ka sa wake, ka sha dariya. Da ka maido tumatir, ya yi 'ya'ya har rassa na rinjaya. Mai lambun ya sosa ƙeya ya ce, "Ashe." Iyakar tubansa ke nan.

Yau ka ajiye aiki. Mun gode, mai haƙurin da ba mu cancanta ba. Matasan malaman gona, ku ɗauki nacinsa. Masu lambu kuwa, ku riƙa barin mutum ya kai aya kafin ku zaɓi wanda za ku tsana.

Ranar da aka ce "ashe" ɗin, Malam bai tsaya ba sai gidan Baba. Ya tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofa, ana karɓar gaisuwar rasuwar tsohon. Duk wanda ya taɓa binne nasa ya san nauyin maganar da ta makara. Tasa har yau tana bakinsa: "Baba, sun yarda ba kai ba ne."