Gudumar Wilf da Gwangwanin Wake

Duk wanda ya taɓa kwana a Thornby Fen ya san ba zakara ke tashinmu ba, tarin Wilf Odling ne. Gari na fara wayewa zai fito ta ƙofar baya, ya yi tari, ya dubi sama ya zagi yanayi, ko rana ake ko ruwa, sannan ya koma ciki ya buɗe kabad ɗin da matarsa Edna ke ajiye tawul, kusa da tankin ruwan zafi, ya zaro gwangwanin biskit. Babu biskit a ciki. Harsasai ne, irin na bindigar harbin tsuntsu amma ba gubar a cikinsu, albarushi zalla. Ya ce danshi ne ke kashe harsashi, kuma duk gidan ba inda ya kai nan bushewa. Edna ta yi ta faɗa a kan wannan gwangwani tun tana amarya, har ta gaji ta koma yi wa kare faɗa.

Daga nan sai rumfa. Kullum akwai wata tsohuwar tarakta da ke jiransa, irin masu silinda ɗaya da iyayenmu suka saya bayan yaƙin duniya na biyu, masu shan dizal, ba batir ba makulli. Ko dai ƙarti biyu su juya ta da sandar ƙarfe har numfashinsu ya ƙare, ko kuma a tayar da ita da harsashi. Wilf zai juya ƙaton faifan ƙarfen da ke gefen injin har alamarsa ta zo daidai da wata alama. Ya naɗe 'yar takarda da aka jiƙa da wani gishiri ta bushe, ya kunna ta tana ci a hankali kamar taba, ya ɗaura ta a goshin injin. Ya sa harsashi a gurbinsa, ya murɗa murfi, ya ɗaga guduma ya doki ƙusar da ke tsakiyar murfin. Ƙarar bindiga, baƙin hayaƙi, sai injin ya kama bugawa ɗaya-ɗaya har kofunanmu su riƙa rawa a kan kanta.

Ni Glenys Scrimshaw ce. Shinge ɗaya ya raba gidana da nasa tun zuwana garin nan, kuma ban tuna ranar da ya yi mini magana mai daɗi ba. Wannan watan ya ajiye guduma, ya ce ya daina. Kwamitin gasar huɗa ya zauna, aka sha shayi, aka ci kek, aka yanke shawarar a ba shi kofi mai hoton tarakta a jiki. Kofi. Hoton ma na taraktar zamani ce mai gilashi da na'urar sanyaya iska, wadda Wilf ke kira akwatin talabijin. Mutumin da ba don shi ba da na karya alkawarin da na yi wa mijina a gadon mutuwa, shi za a sallama da abin shan shayi. Haushin haka ne ya sa na zauna rubuta wannan.

Kada kowa ya ɗauka waliyyi nake yaba wa. Wilf masifaffe ne. Ka kawo masa tarakta, sai ya fara duba ta, ya dube ka, ya tambaye ka laifin da ta yi maka. Ka nemi harsashi don ka burge baƙi a wajen baje koli, ya ƙeƙasa ƙasa ya hana, wai kowane bugu yana barin kunkunniya a cikin injin, kuma ya san ba kai za ka goge ba. Amma a tambayi Roy Tasker, wani manomin garinmu, labarin shekarar ambaliya, da ruwa ya haura gonakin gabas, lantarki ya ɗauke, taraktocin zamani suka yi tsit da batir jiƙaƙƙe. Roy ya ga Wilf ya ratso ruwa har ƙugu da gwangwanin biskit a ka, ya tayar da tsohuwar taraktar da ke kan tudun magudana, aka ɗaura mata bel ta juya famfo har ruwan ya janye daga rumbunan dankali. Da Roy ya yi masa godiya, cewa ya yi, "Da kun share magudanar nan tun bara da yanzu ina gida ina shan shayina."

To, ga nawa.

Al'adarmu ce a nan, manomi ba ya zuwa coci tafiyar ƙarshe a motar gawa. A tirela ake ɗora akwatinsa, taraktarsa ta ja shi, jama'a su bi a ƙafa. Mijina Hedley, Allah ya jiƙansa, yana da tasa da ya gada wajen mahaifinsa, muna kiranta Tsohuwa. Da jikinsa ya yi tsanani a kakar bara, ya riƙe hannuna ya ce, "Glenys, kada ki bari a sa ni a motar nan mai sheƙi kamar ɗan kasuwa. Tsohuwa ce za ta kai ni." Na ce ita za ta kai ka. Bai ƙara roƙona komai ba har ya cika.

Ana gobe jana'iza, ɗana Neil da Roy suka fito da Tsohuwa tsakar gida suka wanke ta tas, suka goge ta har tana ɗaukar ido. Don ƙauna suka yi. A bakin bututun hayaƙinta, wanda ke tsaye sama, akwai wani gwangwanin wake mai tsatsa da Hedley ke kifawa don tare ruwan sama tun kafin a haifi Neil. Suka ga abin kunya ne a wajen jana'iza, suka cire suka jefa a shara. Su biyun nan manoma ne, sun san amfanin gwangwanin sarai, amma baƙin ciki ya rufe musu ido. Kafin safiya sama ta zubar da ruwan da ta saba.

Da safe tsakar gidan ta cika da mutane cikin baƙaƙen kaya. An ɗora Hedley a tirela, an jera furanni. Sai ga Wilf cikin kwat ɗinsa na aure, da gwangwanin biskit a hammata. Bai gaishe ni ba. Ya ɗaga kai ya dubi bututun.

"Ina gwangwanin?"

Neil ya ce, "Baba Wilf, ai ya yi tsatsa, shi ne muka ga..."

"Kuka ga me? Ubanka ya fi ka ido, ya bar shi. Kai Roy, da furfurarka aka yi wannan?"

Roy ya sunkuyar da kai. Wilf ya ajiye harsasansa a kan bango ya fara cire kwat.

Mista Pell, mai kamfanin jana'iza, ya matso kusa da ni da muryar nan tasu mai laushi, ya ce motarsa na bakin ƙofa, kuma akwai wata gawar da ke jiransa a cikin gari, in ba a motsa nan kusa ba dole ya sa a mayar da akwatin mota. A daidai lokacin ƙararrawar coci ta fara.

Na ce, "Wilf, don Allah sa harsashin ka buga."

"Ba zan buga ba."

"Mijina na kwance a tirela, gari duk na tsaye, kai kana cire riga?"

"Ruwa ya kwana a cikinta, Glenys. Ruwa ba ya matsuwa. In na buga yanzu kan injin zai tsage, ki binne biyu yau maimakon ɗaya. Je ki kawo mini abin busar da gashinki."

Ban san duk abin da na faɗa masa ba, amma Edna ta ce tun da take ba ta taɓa jin wani ya faɗa masa gaskiya haka ba. Na ce masa mai taurin kai, na ce ya fi son ƙarfe da mutane, na ce Hedley da kansa ya sha cewa magana da shi kamar magana da turken shinge ce. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Tsoho mai shekara kusan tamanin ya kwanta a jiƙaƙƙen siminti da wandon aurensa, ya kwance wani noti a ƙarƙashin injin, ya sa Neil da Roy suna juya faifan ƙarfe a hankali. Jan ruwa mai tsatsa ya riƙa tsiyaya yana bin takalman mutane. Ni kuwa, matar mamaci, ina tsaye riƙe da abin busar da gashi a bakin ramin da ake ɗaura takardar kunna injin, an jawo waya ta tagar kicin.

Ƙararrawa ta yi ta yi har ta gaji. Rabaran Pauline ta gangaro daga coci da farar rigarta don ta ga abin da ya tsayar da mu. Mista Pell ya yi wa mutanensa alama, suka fara matsowa wajen tirela, na ga alkawarina yana shirin zamewa daga hannuna. Sai Wilf ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Wanda ya taɓa akwatin nan zai ji guduma." Suka tsaya.

Ya daidaita alamar faifan. Ya naɗe takarda, ya ƙyasta ashana, ta faɗi. Ya sake, ta faɗi. A nan na lura da hannunsa. Rawa yake yi, ba ta sanyi ba, kuma ashe ya daɗe yana ɓoyewa a aljihu. Neil ya karɓi ashanar ya kunna masa. Wilf ya sa harsashi, ya murɗa murfi, ya ɗaga guduma. Ta sauka a gefe, ta goge fenti. Takardar kuwa tana ci, ba ta jiran kowa.

Ya juyo ya miƙo mini gudumar.

"Ungo. Mijinki ne, ba nawa ba."

"Ban taɓa yi ba, Wilf."

"Tun da kika zo garin nan kike neman abin da za ki doka. Ga ƙusa nan. Ki ɗauka kaina ne."

Na kuwa ɗauka. Duk haushin safiyar nan, da na watannin jinya, da na Hedley da ya tafi ya bar ni da waɗannan mutane, na haɗa na sauke a kan ƙusar. Hankaki suka watse daga bishiyoyi. Tsohuwa ta yi tari, ta yi kamar za ta fasa, sannan ta kama. Sai ta yi halinta: ta feso sauran ruwa da baƙin mai da kunkunniya sama, suka sauko ɗigo-ɗigo a kan kowa, a kan furanni, a kan motar Mista Pell, a kan farar rigar Rabaran Pauline. Rabaran ta dubi rigarta ta ce, "To, Hedley ya yi sallama da kowa ke nan. Mu tafi." Tun rasuwarsa sai a lokacin na yi kuka, ina dariya ina kuka, da guduma a hannu. Neil ya tuƙa, muka bi a ƙafa har coci.

Kai ne, Wilf na Edna, sarkin ƙunƙuni. Kai ne ka gwammace in zage ka a gaban gari da ka yi mini abin da nake so ka ɓata abin da na zo nema. Kai ne ka bari aka ga rawar hannunka, bayan ka ɓoye wa kowa har matarka, don kada takarda ta mutu kafin a buga. Ka cika mini ciki fiye da duk wanda na sani, kuma na gode. Rigar da na sa ranar tana nan da ɗigon baƙin man Tsohuwa, ban wanke ba.

Ku kuma mutanen Thornby Fen, ku riƙe kofinku. Taraktocin nan suna nan a rumfunanku, kuma kowannenku yana sa ran tasa ta kai shi coci. Wa zai tayar? Duk Asabar Wilf yana zaune a rumfarsa, ƙofa a buɗe, bakinsa lafiya lau ko da hannu ya ƙi, kuma ba mai zuwa sai ni. Ku zo ku sha zagi ku koya, zagin ba ya kisa, ni shaida ce. Ya ce ina riƙe guduma kamar mai juya miya, amma makon jiya ni na daidaita faifan da kaina bai ce uffan ba, wanda a wajen Wilf lambar yabo ce.

Tasa taraktar tana can ƙuryar rumfar, ya lulluɓe ta da tsohon bargo. Na gaya masa ran da ranarsa ta zo, ni zan buga, kuma ba zan bari a sa shi a mota ba. Ya daɗe yana kallon hannayensa, sannan ya yi tari ya ce, "Ki dai fara duba gwangwanin waken."