An Sa Rana, Ango Bai Dawo Ba

Bazara ce, irin ta Yola, wadda ko ruwan randa ka ɗiba sai ka ji kamar an sauke shi daga murhu. Binuwai ya janye har yashi ya fito fili. A shekarar hankalin gari ya fara kwanciya. 'Yan gudun hijirar da suka cika makarantu da gidajen 'yan'uwa sun soma komawa garuruwansu, kullum sai ka ga mota shaƙe da katifu da tukwane ta haye gada ta yi arewa. Kowa na cewa alhamdu lillahi, ni ma ina faɗa. Sai dai motocin duk tafiya suke yi, ni kuwa wadda za ta dawo nake jira.

Ɗana na fari direba ne, yana jigila tsakanin Jimeta da Mubi. Ba zan rubuta sunansa ba, a yadda aka tashe mu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Lokacin da garuruwan can suka faɗa hannun mutanen daji, na roƙe shi ya ajiye motar. Ya ce, "Dada, mata na tafiya a ƙasa da goyo, ni ina da taya huɗu. In kwanta a ɗaki?" Ya yi sawu da yawa yana kwaso mutane a hanya. Wata safiya ya fita, shi ke nan. Ba gawa, ba mota. Wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ba shi ba ne. Har yau da nake rubuta wannan da hannuna ban ji abin da ya fi haka ba.

Kafin ya ɓata an riga an sa masa rana. Yarinyar 'yar cikin garin Yola ce, ɗiyar wani malami, su suka ga juna suka daidaita. Da yake mahaifinsa ya rasu, Bappansa na Girei, ƙanen maigidana, shi ya kai goro da alewa da dabino, aka tsayar da biki bayan kaka. Da lokacin ya zo babu ango, Bappa ya koma ya roƙi a ɗaga rana. Mahaifin yarinyar ya ce, "Ba komai. Sai ya dawo."

A kan wannan magana na zauna shekaru. Duk Juma'a yarinyar takan zo unguwarmu Rumde ta gaishe ni, ta share tsakar gida, ta tsefe mini kai. Ni kuwa nakan ce a raina, gidan malamai guda sun yarda yana raye, wace ce ni da zan yi shakka?

Maƙwabciyata ce ta ja ni ajin yaƙi da jahilci, wai zaman shiru zai kashe ni. A wata firamare muke yi da la'asar, mu takure a kan bencin yara. Malamarmu Kirista ce daga wajen Numan, ta yi ritaya tana zaune a Karewa, ga murya ga barkwanci. Yadda take koyarwa, sai ta rubuta kalma ɗaya a allo ta ce mu kawo mata 'ya'yanta.

Ran nan ta rubuta rana.

"To, iyayena, wa ya san 'ya'yanta?"

"Tsakar rana!"

"Faɗuwar rana!"

"Ranar kasuwa!"

Malama ta ce mu lura, wadda ke ƙona mu a sama rana ce, wunin da muke ƙirgawa ma rana ne. Wata dattijuwa ta ce su a Fulfulde naange ce kawai a sama, kuma daga ita aka samo gabas da yamma, fuunaange da hiirnaange, inda take fitowa da inda take maraice. Wata mai sayar da kifi ta ɗaga hannu.

"Malama, akwai ba shi da rana."

"Wane ne?"

"Maigidana."

Aji ya kwashe da dariya. Malama ta ce, "Ki ji tsoron Allah, wa ya saya miki wannan mayafin?" Mai kifin ta ce, "To, ran nan dai ya yi mini rana." Malama ta rubuta duka biyun, ta ce abin da ya yi amfani ya yi rana, wanda bai yi ba, ba shi da ita. Ta juyo gare ni, don ta san ba na magana sai an tambaye ni.

"Mama, ke fa?"

Na ce, "Sa rana."

"Madalla. Biki ke nan. Sai me?"

Na ce, "Ɗaga rana." Ta rubuta, ta ɗan dube ni.

Bayan kwana biyu muka zo kan damisa. Ta nuna mana hoto, dabba ja mai ratsin baƙi. Wata tsohuwa da ta gudo daga duwatsun Michika ta ce sam wannan ba damisa ba ce. Tasu roɗi-roɗi ce, ta sha ɗauke musu awaki, ta san ta ido da ido. Malama ta ce gaskiyarta, mai ratsin a ƙasashen Indiya take, da yake ba mu da ita sai muka ara mata sunan tamu. Aka shiga kawo 'ya'ya. Zanen damisa, na atamfa. Fushin damisa, wanda ba ya jin ban haƙuri. Damisar mace, nan kowa ya nuna mai kifi, ita kuma ta miƙe ta rusuna. Wata ta ce kakin damisa, na sojoji, sai tsohuwar Michika ta ce a ranar da aka shiga garinsu masu kawo harin da sojojin da ke gudu duk shi suka sa. Ajin ya yi tsit.

Don in kawar da shirun na ce ina da mai ratsin a gida, a jikin bargo. Ɗana ya saya don ɗakin amarya. Malama ta ce, "Bargo a Yola? Lallai ango ne. Zan zo in gani."

Ta zo ranar Juma'a da yamma. Ta tarar mun shanya shi a igiya, don nakan fitar da shi ya sha iska saboda asu. Yarinyar na kakkaɓe shi da sanda, damisar na ta girgiza kamar za ta sauko. Yarinyar ta durƙusa ta gaida Malama, ta kawo mata ruwa.

"'Yata, ke ce amaryar?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kina da ƙanne mata?"

"E, Malama."

"An yi musu aure?"

"Suna gida." Ta murza bakin mayafinta. "Masu nema sun zo. Baba ya ce sai an yi nawa."

A ranar na dube ta da kyau. Na san ta da kumatu, yanzu duk sun zube. Ban san yaushe suka tafi ba, alhali duk mako tana gabana.

Da ta yi mana sallama ta fita, Malama ta jawo kujerarta kusa da ni. Muryarta ta sauka, ban taɓa jin ta haka ba.

"Mama, mahaifin yarinyar nan ya taɓa aiko miki cewa ya ji wani labari?"

"A'a."

"Ya taɓa ce miki yana da yaƙinin ɗanki na raye?"

"Ya ce sai ya dawo."

"To me kike so ya ce? Na koyar a cikin garin Yola har na yi furfura. Mutumin da ya karɓi goro da hannunsa, ya ɗauko shi ya maido wa matar da ɗanta ya ɓata? Kunya ba za ta bar shi ba. 'Ya'yansa za su tsufa a ɗaki bai buɗe baki ba. Ku kuka roƙi rana, ku za ku je ku ce kun sauke."

Na ce, "Amma tana zuwa duk Juma'a."

"Ta daina zuwa a ce me? Mama, ke ma fa a cikin wannan kunyar aka haife ki."

Gaskiya ta faɗa. Da a gidan wata ne da tuni na gane. Na san irin shirun nan, na yi shi ga surukaina, na ga mahaifiyata ta yi shi. Amma da ya zo ƙofata sai na ɗauke shi shaida. Su suna jiran in yi magana, ni ina jin daɗin ba su yi ba.

Na ce, "In na sauke, kamar na ce ya mutu ne."

Ba ta musa mini ba. Ta kama hannuna ta riƙe. Ta ce ƙanenta ma a can ya tsaya, fasto ne, sun yi masa addu'a a coci ba tare da akwati ba. Muka zauna har aka kira magariba. Ta tashi ta sauke mini bargon daga igiya, ta ninke, ta ce kada raɓa ta taɓa shi, ko da yake a bazara babu raɓa. Na yi salla na daɗe a kan tabarma. Ban roƙi komai ba, ban san ta inda zan fara ba.

Washegari da na idar da asuba na yi wanka, na sa mayafin fita unguwa, na tari Keke zuwa bakin gada, daga nan na shiga motar Girei. Na sami Bappa a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya, shirin ruwan farko. Ganina da sassafe ya sa ya miƙe tsaye.

"Lafiya? An ji wani abu?"

"Ba a ji ba, Malam. So nake ka je Yola yau. Ka ce mun gode da haƙurinsu. Mun sauke rana, goron da aka kai sadaka ne, kada a maido komai."

Ya daɗe yana duban fartanyar.

"Kin san in na faɗi haka, mutane za su fara zuwa miki gaisuwa."

"Su zo. Ni ban ce ya mutu ba. Na ce a bar yarinya ta tafi."

Ya share ido da hannun riga, ya leƙa cikin gida ya ce a fito masa da babbar riga da hula. Matarsa na zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗar iri. Ta matsa mini a kan tabarma, ta turo mini ƙwarya. Na zauna muka ci gaba da ɓara, har na ji tashin babur ɗinsa.